Biled ko Mai Kwarmin Baya: Jagorar Zaɓen Sandunan Ayon ga Ɗan Golf Mai Handikaf Mai Yawa

Duk wanda ya ɗan jima yana buga golf ya san wannan jarabar. Ana tsaye a ramin farko ana jiran layi, sai ido ya faɗa kan jakar wani tsohon hannu, a ga sandunansa na ayon, wato masu kan ƙarfe da aka fi nufar wurin rami da su, sirara, bayansu a shafe sumul kamar madubi, sai mutum ya waiwayi nasa masu kauri da faffaɗan gindi ya ji kamar ya zo da fartanya taron masu takobi. Siraran nan su ake kira biled, masu kaurin kuwa su ne masu kwarmin baya, waɗanda aka ƙera domin su yi wa mai bugu rangwame idan bai sami ƙwallo a daidai ba. Handikaf lamba ce da ke nuna matsayin gwanintar ɗan wasa, tana raguwa idan ya ƙware. Wannan jagora ta wanda handikaf ɗinsa ya kai 18 ko ya haura ce, wato wanda yawanci yake gama ramuka 18 da bugu casa'in da wani abu ko fiye da ɗari, kuma yake tunanin kashe kuɗi a kan sabon jerin ayon.

Akwai abu ɗaya game da handikaf da ya kamata a riƙe tun daga farko, domin a kansa sauran maganar ta ginu. Tsarin handikaf na duniya, wanda hukumomin golf na R&A da USGA suka fara aiki da shi a 2020, yana ɗaukar sakamako 8 mafi kyau ne daga cikin wasanni 20 na ƙarshe, kuma iyakarsa 54.0. Ke nan lambar da mutum yake faɗa wa abokansa hoton ranakun da hannunsa ya faɗa ne, an kuwa zubar da sauran 12 ɗin da ƙwallo ta yi ta shiga daji da ramin yashi. Sandar da za a saya, waɗannan ranaku 12 za ta fi yi wa aiki.

Inda bambancin yake

Kan biled dunƙulen ƙarfe ne guda, galibi ƙarfe mai taushi da ake zafafawa a buga shi da injin ƙira har ya ɗauki siffa, kamar yadda maƙeri yake fitar da ruwan gatari. Nauyinsa a tattare yake a bayan tsakiyar fuska, kan ƙarami ne, gindin da ke taɓa ƙasa siriri. Shekaru da dama haka ayon yake, babu wani zaɓi, har sai da Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway da ya yi aiki a General Electric a Amurka kuma ya kafa kamfanin PING, ya yaɗa dabarar kwashe ƙarfe daga bayan fuska a mayar da shi gefe-gefe. A 1969 ya fitar da ayon na zubi, wato wanda ake narka ƙarfe a zuba a mazubi kamar yadda ake zubin tukunya, sannan samfurinsa na Eye2 da ya fito a 1982 ya sa kusan kowane kamfani ya bi sahu.

Dalilin da ya sa dabarar take aiki ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa kallon ɗan ga-ruwa saɓe da sanda, garwa ɗaya a kowane ƙarshe. Idan aka kira shi ta baya, ba ya iya juyowa farat ɗaya, domin nauyin da ke nesa da kafaɗarsa yana turjewa, alhali da a ce ruwan a kansa yake da ya juyo nan take. Haka kan sanda yake. Idan ƙwallo ta bugi tsinin fuska ko dunduniyarta maimakon cibiya, kan yakan murɗe, ƙarfin bugun ya zube, ƙwallo ta faɗi kafin inda aka nufa kuma ta kauce. Nauyin da aka baza gefe yana rage wannan murɗewar. An kuma sauko da nauyin ƙasa, wani lokaci da ɗan guntun ƙarfen tungsten, don ƙwallo ta tashi sama ko da hannun mai bugu ba shi da sauri. Sannan akan ɗan ja fuskar baya daga wuyan sanda, abin da ke taimaka wa wanda ƙwallonsa take yawan karkacewa dama. A yau akwai kuma na tsakiya: masu ɗan kwarmi kaɗan, da masu rami a ciki waɗanda daga waje suke kama da biled, irin TaylorMade P790 da ya fito a 2017.

Mataki na farko: a tambayi fuskar sanda

Kafin a je shago ko a buɗe shafin intanet, a fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. A ɗauki ayon mai lamba 7, a fesa wa fuskarsa hodar ƙafa ta feshi, ko a shafe ta da makar da ake rubutu da ita a farin allo, ko kuma a manna salatif ɗin takarda. A buga ƙwallo goma ba tare da an goge ba, a ɗauki hoton fuskar da waya, a sake shafawa, a maimaita har sau uku. Sharaɗin shi ne kada a cire bugun da ya lalace daga lissafi da hujjar cewa hankali ne ya tafi wani wuri, domin a fili ma hankali yana tafiya, kuma katin lissafi ba ya karɓar uzuri.

Sai a kifa marfin kwalbar lemo a tsakiyar fuskar. Idan kusan duka tabon ƙwallayen sun ɓuya ƙarƙashinsa, mai sandar yana da hujjar duba biled ko na tsakiya, kuma wataƙila bugun kusa da rami ne yake cinye masa maki, ba ayon ba. Idan kuwa tabon ya watsu daga dunduniya zuwa tsini kamar an watsa wa kaji tsaba, wasu ma a can ƙasa kusa da baki, to fuskar ta riga ta ba da amsa. Yawancin masu handikaf 18 zuwa sama a nan suke samun kansu, kuma ba abin kunya ba ne. Ni kaina na taɓa sayen jerin biled na hannu saboda kyan da suka yi mini, na yi wata huɗu ina ɗora laifi a kan iska da ƙwallo da ɗan ɗaukar jaka, sai ranar da na yi wannan gwaji na ga cewa a bugu talatin, waɗanda suka sami cibiya ba su cika goma ba.

A yi gwajin a kan ciyawa ko ƙasa idan da hali. Tabarmar roba da ake shimfiɗawa a wurin atisaye mayaudariya ce, domin sandar da ta sauka bayan ƙwallo takan zame a kanta ta je ta sami ƙwallon, a ga bugu mai kyau, alhali a fili da ƙasa kawai za a haƙo.

Mataki na biyu: a rubuta yadda kuskure yake zuwa

A wasanni uku ko huɗu masu zuwa, a ware gefen katin lissafi a riƙa sa alama duk lokacin da aka nufi girin, wato shimfiɗaɗɗen wurin da rami yake, da ayon: ƙwallo ta hau, ta gaza, ta wuce, ta yi dama ko hagu. Ƙwararrun da ke gasar PGA a Amurka ma kusan biyu cikin uku na girin suke hawa a adadin bugun da aka tsara, saboda haka kada adadin ya karya wa kowa gwiwa. Abin nema shi ne inda kuskuren ya fi yawa. A wurin mai handikaf mai yawa, gazawa ce ta fi yawa, kuma a gaban girin masu tsara filaye suka fi jibge ramukan yashi da ruwa. Gazawar da ke zuwa daga bugun da ya kauce wa cibiya ita ce ainihin ciwon da mai kwarmin baya yake magani, tunda bugun da biled zai yar a cikin yashi, shi yakan lallaɓa ya kai shi bakin girin. Amma idan kuskuren karkacewa ce mai tsanani zuwa gefe guda a kowace sanda, har da ta bugun farko, to wannan aikin malami ne, kuma kuɗin darasi biyar a wurin ƙwararren kulob sun fi kuɗin sabon jeri amfani.

Hujjar masu biled

Masu goyon bayan biled suna da magana, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce biled malami ne mai bulala: idan ka kuskure, tafin hannunka zai gaya maka nan take ta inda ka kuskure, mai kwarmi kuwa yana rufa maka asiri har ka saba da bugun banza. Akwai gaskiya a rabin farko. Sai dai sanin an yi kuskure daban, sanin yadda za a gyara shi daban, kuma mutumin da ke zuwa fili sau ɗaya a mako ba shi da adadin bugun da wannan horo yake buƙata. Abin da ya fi faruwa shi ne tsoron sandar ya shige shi, ya riƙa ƙanƙame mariƙi, bugun ya ƙara lalacewa. Wanda yake son wannan horo da gaske, ya sayi biled guda ɗaya tak mai lamba 7 na hannu, ya riƙa atisaye da shi, ranar wasa kuma ya bar shi a but ɗin mota.

Hujja ta biyu ita ce biled ya fi daɗin lanƙwasa ƙwallo dama ko hagu da gangan. Lanƙwasar ƙwallo tana fitowa ne daga inda fuska take kallo da hanyar da sanda ta biyo, kuma mai kwarmi ma yana yi. Ban da haka, mai handikaf 22 matsalarsa ƙwallo ta daina lanƙwasa ce. Tiger Woods da biled ya yi sunansa, wannan haka yake, amma Jordan Spieth da Titleist AP2, ayon mai kwarmi, ya ci manyan gasannin Masters da US Open a 2015, kuma ƙwararru da yawa suna cakuɗa jerinsu ne, masu rangwame a dogayen sanduna, sirara a gajeru.

Mataki na uku: kada lambar gindin sanda ta ruɗe ka

Wannan shi ne wurin da aka fi cutar masu saye, saboda haka zan ɗan tsaya a kansa. Babu dokar da ta ce ga yawan kwanciyar fuskar da ayon mai lamba 7 zai kasance da ita. A biled, takan kasance digiri 34 ko 35. A yawancin masu rangwame na zamani an miƙar da fuskar zuwa digiri 28 ko 30, wato abin da a da ake bugawa lamba 5 ko 6 a kansa. Idan mai shago ya miƙo maka lamba 7 ka ga ta zarce taka da yadi goma sha biyar, kada ka yi saurin murna, domin mai yiwuwa lambar ce aka sauya. A kwatanta sanduna da digirinsu, wanda kowane kamfani yake wallafawa, ba da lambar da aka zana ba.

Miƙaƙƙiyar fuska tana da illa ga wanda hannunsa ba shi da sauri. Ƙwallo za ta tafi ƙasa-ƙasa, ba ta juyawa sosai a iska, ta sauka a guje ta wuce girin. Masu auna wa mutane sanda sukan so ƙwallon lamba 7 ta sauko a kusurwar da ta kai kusan digiri 45 don ta tsaya, kuma inda akwai na'urar auna tashin ƙwallo irin TrackMan, wannan lamba da nisan da ƙwallo ta yi a iska kafin ta taɓa ƙasa sun fi jimillar nisa muhimmanci. Inda babu na'ura, ido ya isa: a tsaya a yadi 130 ko 140 daga girin da yamma lokacin da fili ya yi sauƙi, a buga ƙwallo shida da kowace sanda, a je a ga inda suka sauka da inda suka tsaya. Wasu kamfanoni suna sayar da samfuri ɗaya da zaɓin fuska mai ƙarin kwanciya, kuma ga dattijo ko mai matsakaicin ƙarfi wannan ya fi dacewa.

Mataki na huɗu: a duba ƙasar da za a buga a kanta

Kusan duk shawarar da ake karantawa an rubuta ta ne da filayen Turai da Amurka a zuciya, inda ciyawa take da kauri ƙasa kuma da laushi. Wanda yake buga wasa a Kano, Zariya ko Kaduna ya san cewa daga lokacin hunturu zuwa bazara tsakar fili takan bushe ta yi tauri kamar daɓe, sai damina ta dawo kafin sanda ta sake nitsewa. Faffaɗan gindi yana ceton wanda ya sari ƙasa kafin ƙwallo idan ƙasar mai laushi ce, domin yana hana kan nitsewa. A kan fako kuwa, gindin da faɗinsa ya yi yawa yakan yi tsalle ya bugi ƙwallo a ciki, ta tafi a ƙasa kamar an harba ta da gwafa. Siririn gindin biled ma ba mafita ba ne, tunda shi ba ya yafe ko ɗan yatsa ɗaya na kuskure. Ga mai irin wannan fili, ina ganin mai kwarmi mai matsakaicin gindi ya fi mafi faɗin nan da ake tallatawa ga sababbin shiga, sai dai idan yawancin wasansa a filin da ake ba ruwa duk shekara ne, irin filin golf na IBB a Abuja. Taurin wurin sauka kuma ƙarin dalili ne na guje wa fuskar da aka miƙar da yawa. Wanda ya gwada sanda a Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200, ya tuna cewa ƙwallo ta fi tafiya a can, kada ya ɗauki wannan nisa ya kai Legas.

Mataki na biyar: ƙota, tsawo da zaman gindi

Kai mai kyau a kan ƙotar da ba ta dace ba asara ce. Biled na hannu galibi suna zuwa da ƙotar ƙarfe mai nauyi da tauri, irin Dynamic Gold S300 da ke kusan giram 130, wadda aka yi wa masu saurin hannu. Akwai ƙarfe mara nauyi na kusan giram 95 zuwa 105, akwai kuma girafayit da ke ƙasa da haka, wanda yake rage girgizar da ke hawa gwiwar hannu, abin da mai buga ƙwallo a kan tauri zai gode masa. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a lura da ramuka huɗu na ƙarshe: idan a nan bugu yake watsewa, ƙotar ta yi nauyi ke nan.

Zaman gindi a ƙasa ma ana gwada shi da maka. A ja layi mai kauri a jikin ƙwallo, a ajiye ta layin yana tsaye cak yana fuskantar sanda, a buga. Layin zai fito a fuska. Idan ya fito a tsaye, zaman ya yi daidai. Idan samansa ya karkata wajen tsini, tsinin yana ɗagawa ne lokacin bugu, kuma ƙwallon mai buga wasa da dama za ta riƙa tafiya hagu. Idan ya karkata wajen dunduniya, akasin haka ne. A nan ƙarfen ƙira mai taushi yana da fa'ida, domin ana iya lanƙwasa wuyansa digiri biyu ba wahala, na zubi kuwa ya fi gardama, shi ya sa ya kamata a san ma'aunin kafin a biya kuɗi. Taushin nan dai shi ne kuma yake sa ƙirarren ayon ya riƙa gocewa daga saitinsa idan ana yawan dukan ƙasa mai tauri da shi.

Mataki na shida: a tsara jakar gaba ɗaya

Doka ta ba da damar sanda 14 ne kawai a jaka, kuma babu wajabcin sayen jeri daga lamba 4 har ƙasa. A gwada dogayen: idan lamba 5 da lamba 6 wuri ɗaya suke sauka, lamba 5 kaya ce kawai ga ɗan ɗaukar jaka, a maye gurbinta da hayibirid, sanda mai dunƙulallen kai da ta fi dogon ayon sauƙin ɗaga ƙwallo. Wanda yake jin kunyar riƙe hayibirid ya tuna cewa da ita Y.E. Yang ya yi bugun da ya kai shi girin na ƙarshe ranar da ya doke Tiger Woods a gasar PGA Championship ta 2009. Ta ƙasan jaka kuma, inda weji suke, wato gajerun sanduna masu kwantacciyar fuska, idan wejin da ya zo da jerin digiri 43 ne, na yashi kuma 56, an bar giɓin digiri 13, wanda ya kai tazarar sanduna uku, don haka sai an nemi weji na tsakani mai digiri 48 ko 50. Abin so shi ne a sami yadi 10 zuwa 15 tsakanin kowace sanda da mai bi mata.

Mataki na bakwai: saye

Sababbin sanduna da dala ake shigo da su, shi ya sa yawancin mutane na hannu suke saye, ko daga wani ɗan kulob ko ta hannun wanda zai dawo daga waje. Wannan ba laifi ba ne, domin mai kwarmin da ya shekara biyar ko shida bai rasa komai na kirki ba. A duba tsagogin fuska da farce, musamman a lamba 7 da weji, a ga ko sun shafe. A duba ƙota ko akwai tsatsa ko lanƙwasa, a girgiza sanda kusa da kunne ko wani abu yana kaɗawa a ciki, a jera su a bango a ga tsawonsu yana sauka daki-daki da kusan rabin inci, a kuma tabbatar ƙotocin iri ɗaya ne. Mariƙin roba da ya bushe ya yi santsi ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne. Jabu kuwa suna da yawa a manyan sunaye, kuma alamunsu sukan bayyana a fentin rubutu da ya malala, da nauyin da bai daidaita tsakanin sanduna ba, da farashin da arharsa ta yi yawa. A nemi mai sayarwa ya bari a buga ramuka tara da su, a kuma nuna wa ƙwararren kulob kafin kuɗi su fita.

Bayan an saya, a ba sandunan wasa goma kafin a yanke musu hukunci, a sake auna nisan kowacce a rubuta a takarda a liƙa a aljihun jaka. A ajiye hotunan gwajin hodar nan na farko a waya, a maimaita gwajin duk bayan wata shida. Ranar da tabon lamba 8 da 9 da weji ya fara ɓuya ƙarƙashin marfin kwalba sau uku a jere, ana iya sauya waɗannan gajerun da masu ɗan kwarmi kaɗan, bayan an duba cewa digirinsu ya bi sahun na sauran, a bar lamba 6 da 7 yadda suke har nasu hoton ya nuna haka.